Rubutun Bayan Kwantiragi

Safiya da Nuru, kun taso kuna jin cewa wata takarda ce ta raba ni da aikin rediyo, kuma kowa da yadda ya ba ku labarin. Wasu sun ce wani tsohon Bature ne ya cuce ni, wasu sun ce ni na cuce shi. Ban taɓa zaunar da ku na warware muku ba, domin a lokacin in na yi muku Hausa mai tsawo da Turanci kuke amsa mini, ni kuma ba labari ba ne da zan iya bayarwa da Turanci. Yanzu da Safiya ta koma koyon karatun Hausa saboda 'ya'yanta, na ga gara in rubuta shi yadda ya faru.

A shekarar muna zaune a Greenbelt, a hawa na biyu, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa tashar da layin jirgi ya ƙare. Safiya tana shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare, Nuru yana bayanta da aji uku. Ni ina sashen Hausa na gidan rediyo, shekarata ta tara, amma ban zama ma'aikacin dindindin ba. Kowace shekara ake sabunta mini kwantiragi. Takarda ce mai kauri, sai a manna ɗan ƙyalle mai ruwan ɗorawa a wuraren sa hannu, in bi su ɗaya bayan ɗaya in sa, in mayar. Ban taɓa karanta ta ba, kuma ban san wanda ke karantawa ba a cikinmu. Mahaifiyarku, Hajiya Balaraba, tana aiki da wani kamfani da ke tura masu jinya gidajen tsofaffi. Shekara biyu ke nan tana gida ɗaya a Gaithersburg, wajen wani tsoho mai suna Mista Harlan, wanda matarsa ta rasu, ƙafafunsa suka yi rauni, idonsa ma ya fara tafiya. Gida ne mai kyau ga mai jinya. Tsohon ba ya zagi, ba ya zargin an ɗaukar masa kaya, kuma da kansa ya ware mata kusurwa a ɗakin karatunsa don ta riƙa salla.

Wata ranar Alhamis ta dawo tana cire takalmi a bakin ƙofa ta ce mini ta ga rubutun allo a gidan Bature. Tana taya shi jera takardu ne ta juya wata, sai ta ga bayanta da rubutu irin namu. Ta gaya masa maigidanta ɗan malami ne, ya iya karanta irin wannan, shi kuma ya roƙa in zo ranar Asabar.

Mista Harlan lauya ne da ya yi ritaya. Shekara arba'in ya yi yana rubuta wa kamfanoni kwantiragi, da ya tsufa kuma sai ya koma tara tsofaffin kwantiragin wasu. Amma ba na kowa ba, na masu wasan tanti kaɗai, abin da Turawa ke kira sarkas. Ya bayyana mini shi da haƙuri, ni kuma ina saurare ina tuna gardawan da ke zuwa unguwarmu a Kano da kura da maciji, su yi wasa su karɓi abin da aka ba su su wuce gaba. Nasu na nan a ƙarni na sha tara haka yake, sai dai an mayar da shi babban kasuwanci. Da farko da keken doki suke yawo, ayari guda, su kwana a hanya cikin taɓo. Daga baya suka koma jirgin ƙasa. Za su sauka gari da sassafe, su kafa tantin da zai ci dubban mutane, su zagaya titi da giwaye da makaɗa, su yi wasa sau biyu, kafin gari ya sake wayewa sun naɗe komai sun bar fili da tattakin ƙafa. Ya ce mutane suna rubuta tarihin giwayen da masu kamfanonin, shi kuwa abin da ya dame shi shi ne abin da ya riƙe waɗannan ɗaruruwan mutane wuri guda har wata bakwai, kuma amsar tana cikin akwatunan da ke bayansa.

Ya sa mahaifiyarku ta ciro mini wasu na duba. Akwai na hayar giwa, akwai na filin da za a kafa tanti, akwai na mai doki da na mai dafa abinci. Na 'yan wasan su suka fi tsayawa mini a rai. Ana tsare wani kaso na ladan mutum sai ƙarshen kaka, in ya gudu a hanya ya rasa. Ana cin tararsa in ya makara, ko ya sha giya, ko an gan shi yana hira da matan gari. In ruwan sama ya hana wasa, ranar ba ta cikin lissafi. Kusan kowace takarda kuma tana da sakin layi guda da ke cewa in mutum ya faɗo ya karye ko ya mutu, ba ruwan kamfani. Mista Harlan ya ce ya sha rubuta irin wannan sakin layin da hannunsa, da kalmomi masu laushi, shi ya sa yake gane shi tun daga nesa. Bai faɗi haka da nadama ba, bai kuma faɗa da alfahari ba.

Sannan ya miƙo takardar da aka kira ni dominta. Kwantiragin wani ɗan alkafura ne, ɗaya daga cikin masu hawa kafaɗun juna su yi gini da jikinsu, kuma bisa ga takardar shi ne na can ƙololuwa. An rubuta sunansa da Turanci a gurguje, Hamed kawai, an ƙara da cewa daga Afirka yake. A bayan takardar akwai layi tara da baƙar tawada wadda ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Na ɗora gilashin ƙara girman rubutu a kai. Hannun irin namu ne, fa da ɗigonsa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda muka koya a gaban mahaifina. Ba Larabci ba ne, wannan na tabbatar nan take. Sai ga kalmomi suna fitowa: liman, likkafani, alƙibla, lahira. Balarabe ba ya cewa liman, mu ke cewa. A ƙarshen layi na shida kuma ga haruffa uku a jere, kaf da nun da wau, yadda ake rubuta sunan garinmu.

Tsohon ya tambaye ni wane yare ne.

Na ce, “Hausa ce. Yarenmu ne. Mutumin nan ɗan Kano ne.”

Ban ce ina zato ba, ban ce a ba ni mako guda ba. Abin da na iya karantawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran na ɗora wa koɗewar tawada da tsufan yare. Ina so ku san cewa a wannan lokacin ban yi ƙarya ba, na gaskata abin da na faɗa. Amma na gaskata shi ne domin ina so ya zama haka. Shekara tara ina fassara labaran da wasu suka rubuta, ga shi yau abu ya faɗo hannuna wanda babu wanda ya sani sai ni.

Mista Harlan ya daɗe yana rubuta littafi a kan akwatunansa, kuma kamfanonin buga littattafai sun sha mayar masa da shi suna cewa babu mutum a ciki, sai sharuɗɗa. Da labarin Hamed ya shiga, wani ƙaramin kamfani ya karɓa. Bayan wata ɗaya tsohon ya kira ni ya ajiye mini kwantiragi mai shafi uku wanda ya tsara da kansa. Zan fassara layukan tara, zan ba da shaida a rubuce cewa Hausa ce, sunana zai fito a bangon littafin a ƙarƙashin nasa. Ya ce in tafi da ita gida in karanta a natse. Na ce ba sai an kai ga haka ba tsakanina da shi, na sa hannu a nan kan teburinsa. Ya dube ni ta saman tabarau. Fassarar kuwa na yi ta a mako biyu. Inda na gane kalma na rubuta ta, inda ban gane ba na nemo kalmar Hausa da ta yi kama da haruffan na cusa. Abin da ya fito wasiyya ce ta baƙo mai kewar gida, yana ambaton Kano da mahaifiyarsa. Ta yi daɗin karantawa ƙwarai.

Da izininsa na yi shiri na minti goma sha biyar a rediyo a kan Bahaushen da ya yi wasa a tantunan Amurka tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Ban taɓa yin shirin da ya jawo saƙonni kamarsa ba. Aka maimaita shi sau biyu. Wani mutum ya rubuto daga Kano ya ce kakan kakansa ne, a gidansu an san ya bi ayari bai dawo ba. A masallacin Juma'a mutanen da a da sai dai mu ɗaga wa juna hannu suka riƙa tsayar da ni. Nuru, kai ma ka kai labarin makaranta, malamarku ta sa ka tsaya gaban aji ka ba da shi. Na tuna ka dawo kana tambayata yadda ake furta alkafura.

Akwai abokin aikina, Malam Isufu, mutumin Agadas, wanda ya girme ni kuma ba mai yawan magana ba ne. Yana hutu a Nijar lokacin da aka sa shirin. Da ya dawo ya ce in nuna masa hoton takardar. Muna ɗakin cin abinci na ofis da rana, ya ajiye cokalinsa ya daɗe yana dubawa, yana motsa leɓe. Ya nuna wata kalma ya tambaye ni yadda na karanta ta. Na ce amma. Ya ce shi aman yake gani, kuma a Buzanci ruwa ke nan. Ya nuna wasu biyu, ya ce waɗannan ma ya san danginsu a bakin kakarsa.

Ya ce, “Malam Sabo, ba Buzancinmu ba ne, amma ɗan'uwansa ne. Ina jin na mutanen Maroko ne, na kudu. Hausa kam ban gan ta a nan ba.”

Na kawo masa liman da likkafani. Ya ce ai ta hannun mutanen arewacin hamada kalmomin suka iso mana, ba mamaki a same su a can da irin wannan siffar. Ya mayar mini da hoton ya ci gaba da cin abincinsa. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma gaya wa kowa ba, har ya bar duniya. Allah ya jiƙansa.

Na yi kwana goma ina kafa wa kaina hujjoji. A na goma sha ɗaya na ɗauki hoton na tafi Laurel, shagon naman halal inda muke sayen rago, domin na san mahaucin, Si Lahsan, mutumin kudancin Maroko ne. Na jira har masu saye suka ragu. Ya wanke hannunsa ya sa tabarau, kuma tun daga layin farko ya fara karantawa a bayyane, ba tare da tuntuɓe ba sai inda tawada ta ɓace. Ya ce Shilha ce, yaren mahaifiyarsa, kuma a yankinsu akwai zuriyar da sana'arta ke nan tun kaka da kakanni, alkafura da hawa kan juna, har ƙasashen Turawa suke zuwa. Na nuna masa Kano ɗina. Ya ce wutsiyar wata kalma ce da ta rabu, kanta yana can baya inda takarda ta lanƙwashe. Sannan ya fassara mini da Turancinsa, ina rubutawa a bayan takardar naɗe nama. Babu uwa a ciki, babu kewar gida. Mutumin ya rubuta ne cewa an karanta masa abin da ke gaban takardar kuma ya yarda. Amma shi ma yana da nasa sharaɗin: in ya faɗo ya mutu a hanya, a wanke shi da ruwa mai tsarki, kada a binne shi da kayan wasa, a nemo farin ƙyalle, a fuskantar da shi alƙibla, in babu liman babban cikin 'yan'uwansa ya yi masa salla, kuma kada jirgi ya tashi sai an gama. Ya sa sunansa da na mahaifinsa a ƙasa. Si Lahsan ya ce bai ga alamar wani daga kamfanin ya sa hannu a wannan gefen ba, da wuya ma in sun san abin da aka rubuta.

A gida na jira kun tafi makaranta sannan na gaya wa mahaifiyarku. Tana guga, ba ta daina ba har na gama. Ta tambaye ni mutum nawa suka sani, na ce biyu, kuma babu mai magana a cikinsu. Sai ta faɗa mini abin da ni ban sani ba: likita ya gaya wa 'yar Mista Harlan cewa zuciyarsa ba za ta kai shekara ba. Ta ce littafin nan shi ke tashinsa daga gado da safe. Ta ce ita ke yi masa wanka, ita ke ganin yadda hannunsa ke rawa, ni Asabar kawai nake zuwa in sha shayi. Ba ta ce in yi ƙarya har abada ba, cewa ta yi in jira. Daga nan ta shiga ɗaki ta fito da kwantiragin nan mai shafi uku, wanda ashe ita ta karanta shi tun ranar da na kawo, ta buɗe shafi na biyu ta ɗora yatsa.

Ta ce, “Malam, karanta nan. Ba ka da ikon faɗin komai a kan takardar a bainar jama'a sai da izininsa a rubuce, har littafi ya fito. Kai ka sa hannu. Ko ka so ka yi magana, an riga an rufe maka baki.”

Gaskiya ta faɗa, haka aka rubuta. Na zauna ina duban sakin layin, kuma ba zan ɓoye muku ba, sanyi na ji a raina. Ga mafita ta halal a idon doka, ba ni na nemo ta ba. Na yi mako uku a kan wannan mafitar. Abin da ya fitar da ni daga cikinta ba wani babban abu ba ne. Mutumin nan na Kano ne ya sake rubutowa, ya ce sun yi taron dangi, sun yi wa kakan nasu sauka, yana roƙon in aiko masa da hoton rubutun ya sa a firam. Na karanta wasiƙar a tebur ɗina na ga cewa abin ba ya tsaye wuri ɗaya yana jirana, tafiya yake yi. Ranar na gaya wa mahaifiyarku zan je wajen Mista Harlan ranar Asabar. Ta ce to, ita ba za ta kasance a ɗakin ba.

Na same shi a ɗakin karatu da bargo a gwiwa. Na faɗa masa komai a jere, har da cushe-cushen da na yi a fassarar, sannan na karanta masa ta Si Lahsan. Ya sa na maimaita ta. Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Fuskarsa ce kawai ta zube. Da ya buɗe baki tambayar lauya ya yi: ranar da na ba da shaida, na san ba Hausa ba ce? Na ce ban sani ba. Ya ce na san ban iya karanta kashi uku cikin huɗu ba? Na ce na sani. Ya gyaɗa kai ya ce to a nan laifin yake, kuma rabinsa nasa ne, domin shekara arba'in yana hana mutane dogara da shaidar mutum ɗaya. Na gaya masa ina so in warware maganar a rediyo, kuma ba zan iya ba sai da izininsa.

Ya ce, “Ka san in na hana ka, doka tana bayana?”

Na ce na sani.

Ya ce, “Ka san kuma masu buga littafin ɗan Kano suka saya, ba ɗan Maroko ba. Irinsa an riga an rubuta a kansu.”

Na ce wannan ma na yi tunaninsa.

Ya sa na ɗauko takarda da alƙalami, ya yi mini shifta domin hannunsa ba ya iya rubutu mai tsawo. Layi biyar ne, ya sake ni daga kwantiragin gaba ɗaya, ba na binsa komai ba ya bina komai. Da na miƙa hannu zan sa, ya dafe takardar ya ce sai na karanta ta a bayyane tukuna, ko da yake ni na rubuta. Na karanta, muka sa hannu. Da zan fita ya tambaye ni ko akwai hanyar sanin an cika wa Hamed sharaɗinsa. Na ce ban ga hanya ba, ba mu ma san ko ya faɗo ba, wataƙila ya koma gida ya tsufa. Ya ce shi ma haka yake fata, amma ya san kamfanonin, jirgi ba ya jira.

Ranar Litinin na je wajen shugaban sashenmu na bayyana masa. Mutumin kirki ne, ya ba ni minti uku a ƙarshen shirinmu na ranar. Na faɗa wa masu saurare cewa na yi kuskure, na faɗi irin kuskuren, na karanta ainihin abin da ke cikin takardar, na nemi gafarar mutanen gidan nan na Kano ba tare da na ambaci sunansu ba. Ba su sake rubutowa ba. Gyaran dole ya bi ta ofishin sama, a can kuma aka tambayi yadda takardar ta zo hannuna, sai maganar littafi da sunana a bango ta fito. A kwantiragina na aiki, wanda na sa wa hannu sau tara, akwai sharaɗin cewa ba zan yi aikin waje ba sai da izini, kuma ba zan sa a iska abin da nake da wata riba a cikinsa ba tare da na bayyana ba. Na karya duka biyun. Ba a kore ni ba, kamar yadda ake faɗa. An bar ni na ƙarasa watanni huɗun da suka rage, ba a kawo mini sabuwar takarda ba. Ban ga zalunci a ciki ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Masu buga littafin suka janye. Mista Harlan ya kwanta asibiti bayan wata biyu, ya fito, amma bai sake neman a buɗe masa akwatunan ba. 'Yarsa ta ɗora abin a kanmu, ta kira kamfanin jinya ta ce a canza mata ma'aikaciya. Aka mayar da mahaifiyarku gidaje biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, tana yini a babbar hanyar da ta kewaye birni. Ba a bar ta ta yi sallama da shi ba. Ya rasu kafin bazara, a jarida ta gani. Hayar Greenbelt ta fi ƙarfinmu, muka koma Laurel a tsakiyar shekarar karatu, ni na sami aikin gadi a wani sito inda na yi shekara goma sha ɗaya. Safiya, ke kika biya mafi tsada a cikin yara. Kin gama sakandare a cikin baƙi, kin bar ƙawayenki da malamar da ta yi alkawarin rubuta miki takardar shaida ta jami'a. Kin yi wata uku ba ki ce mini komai ba sai gaisuwa. Ban tambaye ki dalili ba domin na san shi.

Mahaifiyarku ba ta yi mini gori ba ko sau ɗaya, amma ba ta kuma ce na yi daidai ba. Bayan kamar shekara guda muka je suna a gidan wasu mutanen Kumasi a nan Laurel. Gida ya cika, maza a falo mata a kicin, ƙofa a buɗe tsakani. Wata mata da mijinta ke aiki a tsohon sashenmu ta ɗaga murya yadda za mu ji, ta tambayi mahaifiyarku ina labarin Bahaushen tanti, ko an gano wani kuma. Aka yi 'yar dariya. Ina jin ƙarar ludayi a bakin tukunya, sannan muryar mahaifiyarku, ba ta ɗaga ta ba.

Ta ce, “Ba Bahaushe ba ne. Malam ne ya gano haka, shi ya je ya faɗa da bakinsa, ba wanda ya tambaye shi. In kin san wani da ya taɓa yin haka a ofishin nan, gaya mini sunansa.”

Sai hira ta koma kan jariri. A mota muna komawa na ce mata na ji abin da ta faɗa, na gode. Tana kallon titi ta ce ba don ni ta faɗa ba, matar ce ba ta da kunya. Sannan ta ce wata bakwai kawai ya rage wa Mista Harlan, da na jira wata bakwai da babu abin da zai ragu a gaskiyata, shi kuma da ya mutu yana jiran littafinsa. Na ce mata wataƙila haka ne. Shekara goma sha wani abu ke nan, ra'ayinta bai canza ba. In kun tambaye ta yau abin da za ta gaya muku ke nan, kuma ina so ku tambaye ta, domin ita ta san shi, ni takardunsa kawai na sani.